Ɗigo na Bakwai

Rachida na tsugune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, kakarta Hajiya Ƙulu na kan tabarma tana kwaɓa lalle, sai ga Gwaggo Baraka ta faɗo ko sallama babu, mayafi a hannu, tana haki.

"Ina Yaya Rabiou? Ya fito ya ji abin da 'yarsa ta jawo mana!"

Alhaji Rabiou ya fito daga ɗaki da makullin shago a hannunsa. "Ke Baraka, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Daga unguwar Glass nake. Hoton hannun Rachida ne rataye a bakin teku, ya fi ƙofar gidan nan girma. Kuma ɗigo bakwai, Yaya! Da idona na ƙirga!"

Rachida ta ajiye shinkafar. Ta san da hoton, amma ba ta san da bakwai ba.

Salman ne ya zana shi. Ɗan mutanen Kano ne, haifaffen nan Libreville, mai rubuta allunan shaguna daga unguwar Nzeng-Ayong har Owendo. Wata biyu ke nan da aka karɓi goronsa da kayan gaisuwa a gidan. Da masu shirya bikin zane-zane na gari suka zaɓe shi ya yi musu fosta, Alhaji ya kafa masa sharaɗi ɗaya: kada ya zana fuskar kowa. Salman ya kiyaye. Hannu biyu kawai ya zana, ɗauke da lalle. Shi a wautarsa ya zaci babu mai gane hannu.

Allah sarki, namiji! Bai san mata na karanta lalle kamar yadda ake karanta fuska ba. Zanen ganyen da ke tsakiyar tafin Hajiya Ƙulu ce ta zo da shi daga Maradi, kuma 'yan gidanta kaɗai take yi wa. Budurwa ɗigo shida ake zagaya mata. Na bakwai sai ranar da aka ɗaura mata aure. Shi kuwa mai fenti ya ga tsakiya ta yi fili, sai ya ɗiga ɗaya don kyau.

"Matan kasuwa har sun fara yi mini barka," in ji Gwaggo. "Wasu kuma cewa suke a ɓoye aka ɗaura, sai an tambayi dalili."

Alhaji ya juyo wajen Rachida, idonsa ja. "Ke kika miƙa masa hannunki?"

Rachida ta miƙe tsaye. "Ni ce, Baba. A falon nan, a gaban Hajiya."

"To na fasa! Baraka, tattara kayansu ki mayar yau ɗin nan."

Da la'asar Salman ya zo, hula a hannu, ya durƙusa a ƙofar shago. Ya ce kuskure ne, zai ɗauki tsani ya bi fostocin ɗaya bayan ɗaya ya shafe ɗigon, in ma an so ya janye hoton gaba ɗaya. Alhaji ko kallonsa bai yi ba.

"Ka shafe a takarda. A bakin mutane fa, da me za ka shafe?"

Rachida ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Da Salman ya kira ta a waya, ya ce gobe zai je ya janye hoton, sai ta share hawaye.

"Wallahi ka janye, ni da kai mun ɓata! Shekara nawa kana zana hoton aski da na kifi a bangon mutane? Yau an ga aikinka, ka ce za ka sauke? In ka shafe ɗigon nan, cewa za a yi da gaske akwai abin ɓoyewa."

"Rachida, ke nake so, ba fosta ba."

"Na sani, chéri, masoyina. Ni ma kai nake so. Shi ya sa."

Washegari ta sami mahaifinta, ta durƙusa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Baba, ba zan fita gidan nan ba da izninka ba, ba kuma zan gan shi a ɓoye ba. Amma ban yi abin kunya ba, ba zan yi kamar na yi ba. Kuma kada a wahalar da kowa da kawo wani goro. Zan jira."

"Ki jira har ki yi furfura!"

"To, Baba."

Ta jira kuwa. Sati uku tana girki, tana share shago, tana gaishe shi da safe yana amsawa da hanci. In ta shiga kasuwa mata su bi hannunta da kallo, ita kuwa ta buɗe tafin ta bar su su ƙirga. Da kakarta ta kwaɓa lalle ta kira ta, sai ta ce, "A'a, Hajiya. Shida ba zan ƙara sawa ba."

Tsohuwar ta ajiye lallen gefe. Duk rikicin nan ba ta ce uffan ba. Ran Asabar, ranar buɗe bikin zane-zanen, ta yafa mayafinta ta ce, "Rabiou, tsayar mana da taksi. Kowa ya ga abin nan ban da mai shi."

Alhaji bai iya yi wa uwarsa musu. Suka tafi su uku.

A bakin teku jama'a sun cika. Ga hoton can sama, hannu biyu a buɗe, ruwa shuɗi a bayansu. 'Yan matan Gabon na tsayawa ƙarƙashinsa suna ɗaga tafukansu ana ɗaukar su a waya. Hajiya Ƙulu ta matsa, ta kare rana da hannu.

"Rachida, mene ne wancan rubutun na ƙasa?"

Rachida ta karanta. "Cewa ya yi: zanen lalle na Hajiya Ƙulu, mutuniyar Maradi."

Tsohuwa ta sauke hannunta. Sai hawaye. "Shekara talatin da huɗu ina garin nan, Rabiou. Ko a asibiti 'maman' suke ce mini. Yaron da ka kora shi ya fara rubuta sunana."

"Amma Inna, ɗigon..."

"Na gan shi, ban makance ba! Yaro ya yi kuskure, ya kuma durƙusa. Ita kuma ta tsaya a gabanka sati uku ba ta karya maka doka ba. Hoton nan ya yi ƙarya, gaskiya ne. To ko ka yayyage na gari duka, ko ka mai da shi gaskiya. Ni dai lallena a kwaɓe yake."

Alhaji ya dubi 'yarsa, ya ga yadda ta rame. Ya cire hula ya sosa kai. "Ina shi mai fentin?"

Yana can gefe, ya yi tsuru-tsuru, sai ka ce wanda aka kama da kaza.

Juma'a biyu bayan haka aka ɗaura aure. Gwaggo Baraka ce ta fi kowa guɗa, mhm! Rachida ta sami abin da take so domin ta tsaya a kan gaskiyarta ba tare da ta taka iyayenta ba, kuma ta iya jira.

Ranar ɗaurin auren, da aka zauna sa lalle, Hajiya Ƙulu ta zagaya ɗigo shida, ta tsaya, ta ɗaga tsinken.

"Ki gaya wa mijin naki, wannan ni ke sawa, ba shi ba."

Sannan ta ɗiga na bakwai.