Abin da Ke Aljihun Kwat ɗin Dattijo

Kwana tara da binne kafinta, matarsa tana durƙushe a ɗakin ajiyar majami'a tana ware tufafin da ake tara wa mabukata, hawaye na ɗiga kan tsummokaran mutane. Aikin da aka bar mata ke nan, tunda matan ikilisiya sun daina matsa mata wuri a bencin da mijinta ya ƙera da hannunsa. Shi ya ɗauki ransa da kansa, amma ita aka ɗora wa laifin! Wan mijin, dattijo a ikilisiya, shi ya kunna wutar: "Bakinki ne ya kashe min ƙane! Ranar Lahadi zan ɗauke 'yarsa, ba za ta tashi a hannunki ba."

Ta yi bayani har muryarta ta dishe, cewa shekara biyu tana kai shi asibiti saboda ciwon damuwa, kuma dattijon ne ya zo ya kwashe maganin, wai mai bangaskiya ba ya haɗiyar ƙwaya. Dariya ya yi a gaban kowa: "Wane magani? Ga sharri ga ƙarya!"

"Ya Yesu, kai ka gani..." ta faɗa cikin shessheƙa, "'yar nan kaɗai ta rage min..."

Sai ta jawo wani baƙin kwat da matar dattijon ta kawo da safe. Kowa ya san kwat ɗin, da shi dattijon yake karɓar baƙi a ƙofa. Wani abu ya yi ƙaras a aljihun ciki. Kwali uku na magani, ko ɓarewa ba a yi ba, ga sunan mijinta da rubutun likita! Ihun da ta yi ne ya fito da fasto daga ofis.

Ranar Lahadi fasto ya shimfiɗa kwat ɗin a gaban jama'a, ya jera kwalayen a kai.

"Dattijo, naka ne?"

"Fasto... ai don ya dogara ga Ubangiji ne na kwashe..."

"Sauko daga kujerar dattawan nan! Ka bar marainiya ga uwarta." Ya juya ga jama'a, idonsa jawur. "Ciwo ne ya kayar da ɗan'uwanmu, kamar kowane ciwo. Hukuncinsa ba a hannunmu yake ba, yana hannun mai jinƙan da ya san nauyin da ya ɗauka. Ke kuma 'yata, ba ki kashe shi ba. Shekara biyu kina riƙe da shi. Mu ne muka yar da ke, ki gafarta mana."

Nan da nan mata suka matsa, bencin ya buɗe. Ta zauna, ta ɗora 'yarta a cinya, ta shafa katakon da mijinta ya goge da hannunsa.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji ta kusa da ita, tana kuka.

"Yau na zama 'yar'uwa?" ta ce a hankali. "Da shi kuka gaya wa haka, lokacin da yake zama a nan."