Miyau a Kan Tagulla

Ku matso, ku rage murya. Wannan da tsakar rana ya faru, shi ya sa ya fi ba ni tsoro.

Har yau ƙamshin baƙon nan Laure take fara tunawa kafin fuskarsa. Juma'a ce, maza sun tafi masallaci, layin 'yan tagulla ya yi tsit. Ita kaɗai ce a rumfar kawunta, dillalin tsofaffin kayan gargajiya, tana karanta wani yagaggen littafin soyayya. Sai turare ya cika rumfar. Ta ɗago. Wani mutum ne a tsaye, dogo, idanu kamar an zizara musu kwalli. Irin mazan da take karantawa. Gabanta ya faɗi.

Bai yi sallama ba.

"'Yan mata, kin san kaya?"

"Ina ɗan taɓawa."

Ya kwance wata fata, ya ajiye allon tagulla, baƙi ƙirin don tsufa.

"Zane ne. Gadonsa na ci. Gaya mini wanda ya zana, da abin da zai yi a kasuwa."

Ta juya allon. Ba suna, ba tambari. Sai ta yi abin da kowane dillali ke yi: ta tofa miyau a kai, ta murza da babban yatsa.

Zanen ya fito. Layuka sirara kamar gashi, an ƙwarzana su da tsinin allura. Mata ne jere a bakin rijiya, kowacce da tulu, kowacce baki a hangame. Ta ƙarshe ce kaɗai ba ta da fuska.

"Wannan ba hannun maƙeran garin nan ba ne," in ji ta.

Sai ta ji abin da turaren ke rufewa. Warin ruɓaɓɓiyar fata. Baƙin da ke cikin layukan ya narke a yatsanta, da maiƙo, da ɗumi. Wata farar tsutsa ta leƙo daga bakin ɗaya cikin matan. Laure ta saki allon.

Mutumin ya ɗauki allon, ya lashe inda ta tofa. Harshen ya daɗe yana fitowa.

"Taya," ya ce.

"Kimantawa ka ce, Malam, ba saye ba."

"Taya mana, ƙanwata. Ko nawa ne."

Laure 'yar kasuwa ce. Ta san in ka taya, mai kaya ya ce ya sallama, to kaya sun zama naka, kai ma ka shiga ciniki. Ta dubi allon. Baki ya fito wa matar ƙarshe yanzu, da wushirya irin ta Laure. Hanci yana tsirowa. Idanu kawai suka rage.

Ta saci kallon ƙasa. Dugadugansa na gaba, yatsu na baya, ƙudaje sun baibaye su.

Farashi ya taso mata har maƙogwaro, da kansa, kamar amai. Ta cije harshe.

"Miyauna ne a kai," ta ce. "Kayana ne a hannunka. Kai za ka taya."

Ya yi murmushi. "Na taya da kaina. Aure. Gida a ƙarƙashin rijiya. Ba tsufa, ba kuka."

Muryar taushi gare ta. Abin da ya fi ba Laure ƙyama ke nan: zuciyarta ta tsaya saurare.

"Albarka," ta ce. Kalmar mai kaya in ya ƙi sayarwa.

Ya zabura kamar an watsa masa tafasasshen ruwa.

"Me kika ce?"

"Albarka! Ban sayar ba!"

Ta wawuri kwanon ruwan tsamiyar da suke wanke tagulla da shi, ta sheƙa wa allon. Fuskar ta zagwanye, ta gangaro baƙa. Matan suka yi ƙara, siririya, kamar daga ƙasan rijiya. Da ta buɗe ido, ba mutum, ba allo. Sai ƙudaje da wari.

A bakin kwata kawunta ya same ta tana kelaya amai. Ta goge yatsan nan da toka har ya saɓule. Tun daga ranar, ko zuma ta lasa, tagulla take ji.

Don haka kada ɗayanku ya zauna shi kaɗai a kasuwa lokacin da maza ke masallaci.

Sau ɗaya Laure ta ba da labarin a gida, ba ta ƙara zancen ba. Wata rana kawunta ya tambaye ta a hankali, "Wai wa ya zana abin nan, 'yata?"

"Wanda ya kawo shi, Kawu. Kuma bai gama ba."

Ta dubi ƙofar rumfar, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke laɓe zai ji.

"Na yi wa Allah alƙawari, ko da fuskar wa ya dawo, ko da wace murya, bakina ba zai taya ba."