Tokar Rabaran Bulus

Ranar Litinin da safe Rabaran Margaret ta buɗe ƙaramin cocin Saint-Barnabé da ke Vénissieux, a gefen birnin Lyon na Faransa, ta tarar an sace mutumin da ta gada. Tulun tagullar da tokarsa ke ciki ya ɓace daga alkukin gefen bagade.

Kapitan Zakiyya Moussa ta iso daga komisariya, ofishin 'yan sanda, tare da mataimakinta Ilyes. Tun da ta koma aiki bayan rasuwar babanta, duk abin da ta kalla kamar ta bayan gilashi take ganinsa. Ta tsaya da hannu cikin aljihu, Margaret na bayani.

Injiniyoyin Ingila 'yan ɗariƙar Angilika ne suka gina cocin, lokacin da suka zo aiki a masana'antun unguwar. A bangon shiga an jera hotunan limamansa, Turawa masu gashin baki, sai na kusa da ƙarshe baƙin mutum mai faɗin goshi.

"Shi ne Rabaran Bulus Mika'il, daga wajen Zariya," in ji Margaret. "Ya tarar da tsofaffi 'yan kaɗan da rufi mai yoyo. Ya cika wurin nan da 'yan Nijeriya da 'yan Ghana. Ba don shi ba da tuni an mai da ginin gareji."

"Me ya sa tokarsa take nan?"

"Doka ta yarda ta zauna a wurin ibada shekara guda. Shekarar ta cika. Matarsa ta yanke ran Alhamis a watsa ta a lambun maƙabartar gari."

Ba a fasa ƙofa ba. Kofin azurfa na nan inda yake. Abu ɗaya kawai aka haɗa da tulun: farin ƙyallen bagade marar ado, wanda ke ƙarƙashin masu zanen gicciye a cikin durowa, kuma ba a hargitsa sauran ba. A bakin ƙofar baya akwai ƙasa a zube da ɓarɓashin tukunyar fure.

"Ɓarawon namu ya yi tuntuɓe," Ilyes ya ce. "Ya saci gawa, ga shi ko tafiya bai iya ba."

Zakiyya ta durƙusa. Ƙananan ɓarɓashi ne kawai, manyan kasaken babu su. Furen kuwa an tsoma saiwarsa cikin bokitin goge ƙasa, da ruwa rabi. Ta ɗauki hoto.

Madam Odile, matar mamacin, tana zaune a wani bene cikin Lyon, da sandar ƙarfe a gefenta saboda aikin ƙugu da aka yi mata.

"Na mayar da lakilena, makullin cocin, tun bara," ta ce. "Kuma me zai sa in saci abin da yake nawa?"

"Shi ya ce a ƙone shi?"

"Bai ce komi ba. Ya faɗi a kicin, shi ke nan. Na yi abin da aka yi wa iyayena." Ta juya kofin shayinta. "Ki je Sevran, wajen Paris, ki tambayi wansa Salisu. Ranar jana'iza ya kira ni da sunan da ban gane ba, amma na gane fuskarsa."

A cikin jirgin Paris Zakiyya ta fito da wayarta. Babanta ya koma Damagaram bayan ya yi ritaya, can ya rasu, aka rufe shi kafin ta sami tikiti. Ƙanenta ya aiko mata bidiyon maƙabarta. Ta sha kallonsa tana jiran ta ji wani abu. Ta sake kunnawa: farin likkafani, hannuwa suna saukar da shi cikin 'yar kabari, sannan ana jera rababbun tukwane a kai don kada ƙasa ta taɓa shi. Ta tsayar da hoton a nan. Ta daɗe tana kallon tukwanen, sannan ta kashe wayar.

Malam Salisu na hawa na shida a unguwar Beaudottes ta Sevran, lif kuma ya lalace. Suka gaisa a tsaitsaye, gajiya, gida, sanyi.

"Baba, an ɗauke tokar ƙanenka."

Tsohon ya zauna a hankali. "Allah ya sa wanda ya ɗauka ya san abin da ake yi da mutum."

"Kai ka sani."

"Na sani. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya tashi gidan kawunmu Kirista, ni na tashi gidan babanmu. Ba mu taɓa faɗa kan addini ba, sai kan ƙwallo. Amma 'yata, dube ni. Wannan matakalar ma sai na huta sau biyu. Jiya wuni na yi a Stains wajen sunan jikata, kowa ya gan ni, har shinkafa na ɓarar a riga."

"Ka taɓa shiga cocin?"

"Ko ranar jana'izar a waje na tsaya."

"Madam Odile ta ce ka zage ta."

"Na zage ta, Allah ya yafe mini. Wata tsohuwa ce ta fito daga ciki ta riƙe mini hannu, ta ce, Malam, yi haƙuri, mu ma Kiristocin gida ba haka muke yi ba. Hausarta ta Zazzau ce tsantsa."

Zakiyya ta kira iyalan da suka yi sunan, suka tabbatar. Daga tashar jirgi ta kira Margaret ta tambaye ta wa ke kula da furanni.

"Mama Sabuwa. Tsohuwar nas ce. Furanni da wankin ƙyallayen bagade duk ita ce, tun zamanin Bulus."

"Tana da lakile?"

"Tana da shi. Amma Kapitan, matar nan ta wuce saba'in."

"Tana da inda take shuka?"

Washegari da hantsi Zakiyya ta shiga lambunan haya da ke gefen layin dogo a Vénissieux. Ta tura Ilyes ya ɗauko Madam Odile. A fili na ƙarshe wata gajeriyar tsohuwa da rigar sanyi a kan atamfa tana zaune bisa juyayyen bokiti. Tsakanin kabeji da alayyafo akwai ɗan tudun sabuwar ƙasa, an shafe shi sumul da tafin hannu.

"Sannu da aiki, Mama."

Sabuwa ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar sanda mai Hausa. Ke 'yar ina ce?"

"Iyayena 'yan Damagaram ne."

"To zauna, ko da yake babu kujera."

Zakiyya ta ci gaba da tsayuwa. "Ɓarawo zai ɗauki azurfa. Wanda ya shiga ya bar ta, ya ɗauki farin ƙyalle marar zane, likkafani ke nan. Ya fasa tukunya ya tafi da manyan kasaken, don ya rufe 'yar kabari. Sai wanda ya taɓa ganin an binne mutum a gida zai yi wannan. Madam Odile ba ta taɓa gani ba. Malam Salisu ya gani, amma ba shi da lakile, bai san durowar ba. Sannan babu mai tsayawa tsakiyar sata ya ba fure ruwa, sai wadda ta shuka shi."

"Ai laifin ba na furen ba ne," Sabuwa ta ce.

"Kin san laifi ne a doka, Mama."

"Na yi shekara talatin a asibitin Faransa, kar ki koya mini doka. Mutumin nan ya binne mijina da hannunsa, cikin ruwan sama, ya ƙi barin masu injin su tura ƙasar. An ƙone shi na yi shiru, don ba mijina ba ne. Yanzu kuma a watsa shi kan ciyawa kamar taki? In 'yan coci suka ce ina Rabaran, mu nuna musu ina?"

"Dole in tone shi."

"Sai ki tone. Ni na rufe, ba na buɗewa."

Zakiyya ta sa safar hannu, ta durƙusa. Ƙasar na da laushi. Ta ɗaga kasaken ɗaya bayan ɗaya, farin ƙyallen ya bayyana, an naɗe shi tsaf an ɗaure kai da ƙafa. Ko ƙwayar ƙasa ba ta taɓa shi ba.

Ƙarar sanda ta sa ta waiwaya. Madam Odile na tsaye, Ilyes na riƙe da gwiwar hannunta. Ta daɗe tana kallon ramin.

"Ke kika haƙa wannan, Sabuwa? Da wannan bayan naki?"

"Da cokalin shuka. Da na tambaye ki, da kin ce a'a."

"Da na ce a'a." Odile ta gyara riƙon sandarta. "Babu wanda ya gaya mini. Ɗaya ya zage ni, sauran kuka yi ta kawo mini abinci."

Ilyes ya buɗe ledar shaida, ya miƙa hannu zai kwance ƙyallen.

"Bar shi a jikinsa," Odile ta ce. "Kapitan, ana iya binne tulu a maƙabartar gari?"

"Ana iya."

"To a binne shi. A kira Salisu, ya zo ya tsaya inda yake so."

Zakiyya ta gaya wa Sabuwa cewa sai ta biyo su komisariya, sauran magana tana hannun mai gabatar da ƙara. Tsohuwar ta miƙe tana karkaɗe atamfarta. Zakiyya ta sunkuya ta ɗago ƙunshin da hannu ɗaya, ta ji ya fi yadda ta zata nauyi.

"Hannu biyu, 'yar nan," Sabuwa ta ce. "Mutum ne."

Zakiyya ta sa ɗayan hannun, ta rungume shi a ƙirji, suka nufi mota a hankali, daidai da tafiyar mai sanda.