Tukunyar Ranar Laraba

Ranar da Mai Hoto ya fara shiga gidan, da bokiti ya fara gaisawa. Ya yi tuntuɓe, ruwa ya malale a tsakar gida, shi kuwa ya ɗaga kyamararsa sama kamar mai ceton jariri.

"Ka ceci kayanka, ka kashe mini ruwana," in ji wata budurwa da ke tsaye a bakin famfo.

"Ki yi haƙuri, zan tara miki wani."

"To Malam Tuntuɓe, ga layi can, ka bi."

Ya bi layin kuwa. Kafin bokitin ya cika ya san Auta ake ce mata, ɗinki take yi, kuma 'yar Baba Kafinta ce.

Gidan tsohon ɗakin ajiyar kaya ne aka yanka shi ɗaki-ɗaki. Mutanen ciki ba dangin juna ba ne, amma tukunya ɗaya suke ci. Kowane ɗaki da ranar da yake dafa wa gida duka. Abin da ya kawo Mai Hoto ke nan, ana so ya yi fim a kan masu irin wannan zama.

Inna, mahaifiyar Auta, ita ta fara kawo tsarin tun gidan ba shi da ƙyaure. Laraba ce ranarta, kuma miyarta ta yi suna. Dokarta ɗaya: in tana kicin, a rufe ƙofa, ba mai shiga.

Aikin da ya kamata ya ƙare da wuri sai ya ƙi ƙarewa. Kullum akwai abin da ya manta bai ɗauka ba, kuma kullum abin yana kusa da keken ɗinkin Auta.

Ya rubuta mata: "Mai Bokiti, yau na duba hotunan da na ɗauka. Rabinsu ke ce. Za su kore ni daga aiki."

Ta mayar: "In sun kore ka ka zo, muna neman mai ɗiban ruwa. Amma Tuntuɓe, don Allah ranar Laraba kada ka zo da sassafe."

Bai tambayi dalili ba. Bai kuma ji magana ba.

Ranar Laraba, hasken safiya ya ja shi. Ya zagaya bayan kicin, ya leƙa ta taga. Sai ga Baba Kafinta tsugune gaban babbar tukunya yana juya miya, garin katako bai gama fita daga kafaɗarsa ba. Inna na zaune a bayansa, ta naɗe hannuwanta cikin mayafi, suna rawa ba ta iya tsayar da su. A hankali take ce masa, "Rage wuta. Ƙara ruwa kaɗan."

Zuciyarsa ta ce masa ya sauke kyamara. Idonsa ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ya bi idonsa.

Da fim ya haɗu, aka rataya farin zane a bango, gida duka ya zauna kallo. Ana ta dariya, kowa na nuna kansa. Sai wurin kicin ya fito. Direba, wanda ke ɗakin bakin ƙofa, wanda ya daɗe yana son Auta, ya ce, "Ashe duk miyar Baba muke sha muna yabon Inna."

Wasu suka yi dariya, sai dariyar ta mutu da kanta. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Baba Kafinta ya bi bayanta.

Saƙon Auta ya iske shi a hanya: "Hannun Inna ya daɗe da kasa riƙe wuƙa. In ni na dafa kowa zai gane, gishirina ya yi suna. Baba ya ce ba za a raba ta da ranarta ba. Abu ɗaya na roƙe ka."

Ya rubuta amsa ya goge, ya rubuta ya goge. Ƙarshe ya tura: "Ba ni da bakin magana, Mai Bokiti."

Da kawunsa ya je nema masa izinin auren Auta, Baba Kafinta bai ko ajiye zarto ba. "Wanda ya leƙa tagata ba zan buɗe masa ƙofata ba," in ji shi. Direba kuwa ya fara saya wa Baba ƙusoshi ba a aike shi ba, yana faɗa wa kowa shi ɗan gida ne, ya san sirrin gida.

Mai Hoto ya cire wurin daga fim ɗin, duk da abokan aikinsa sun ce shi ne zuciyar fim. Abinci ya daina yi masa daɗi. Laraba ta zagayo, ya zo ba kyamara, ya jira aka gama ci, ya ja babbar tukunyar zuwa famfo ya fara kankara. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Haka ya yi ta yi, har faratansa suka yi baƙi.

Gidan ma ya sauya. Matan gida suka fara ƙwanƙwasa kicin ranar Laraba, wannan da wuƙa, waccan da ludayi. Inna ta ƙi, ta ƙi, har ta bari. Yanzu a kujera take zama tana ba da umarni tana faɗa.

Wata Laraba Inna ta kira Mai Hoto. "Kai mai leƙe, hoton nan yana nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Na cire shi daga fim, Inna. A wayata ne na kasa gogewa."

"Kawo." Ta kira mijinta. "Malam, zauna ka gani. Kada ka kalli kanka, ka kalli bayanka."

Baba Kafinta ya kalla. A bayansa ga Inna tana kallon ƙeyarsa da wani murmushi, ta miƙo hannu yana rawa, tana son kakkaɓe masa garin katako, ta fasa don kada ya juyo. Ranar nuna fim kunya ta hana shi ganin wannan.

Ya ce a maimaita. Aka maimaita.

"Ba ka da kunya," ya ce wa Mai Hoto, "amma kana da ido. Laifin yana nan, ban ce babu ba."

"Na sani, Baba."

"To ka ce wa kawunka ya dawo. Tukunyar nan ta saba da hannunka."

Auta, da ke laɓe bayan keken ɗinki, ta turo saƙo: "Tuntuɓe, ka faɗi a daidai."

Ranar Laraba aka ɗaura aure. Direba da kansa ya yi jigilar baƙi, yana mita. Baba Kafinta ya tsuguna gaban tukunya, ƙofar kicin a buɗe, Inna na bayansa tana cewa ya rage wuta.

Ango ya tsaya a bakin ƙofa da kyamara a rataye. "Baba, in ɗauka?"

"Yanzu ka koyi tambaya," in ji tsohon. "Ɗauki. Amma ka fara da ita."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a tukunyarsu, ya bar su tare har hannu ya yi rawa.