Santimita Biyu Kacal

"Cire takalmin a nan, 'yata, ki shigo."

Muryar Hajiya ce, mahaifiyar Malam, daga cikin falo. Na dubi Malam, saurayina, sai ya kau da kai yana gyaran hula.

Shekara uku ina tsayuwa a shagon sayar da magani, dunduniyata ta dama tana sukata kamar na taka ƙusa, musamman takun farko da safe. Malam ne da kansa ya kai ni asibiti a bayan babur ɗinsa. Likita ya auna ni daga ƙugu zuwa idon sawu, ya ce ƙafar hagu ta gaza ta dama da santimita biyu, shi ya sa nauyina ke karkata, dunduniya ɗaya take shan wahala. Ya ba ni wata 'yar roba in riƙa sawa cikin takalmin hagu. Da ita, ba mai gane komai.

Yanzu ga ni ba takalmi, a kan tayil mai sanyi.

Na durƙusa na gaishe su. Hajiya na kan doguwar kujera, yayar Malam na gefe tana danna waya.

"Tashi ki ɗauko mini ruwa a firij."

Na tashi, na kawo.

"Mayar. Ya yi sanyi da yawa."

Na mayar.

"Dawo nan... a hankali, ba sauri muke ba."

Sai a lokacin na gane ba ƙishirwa take ji ba. Yayar ta ajiye waya ta tuntsire da dariya.

"Kai, Hajiya! Ai wannan kwale-kwale ce! Allah ya sa kar ta kife mana a falo!"

"Tun haihuwa ne?" in ji Hajiya.

"Likita ya ce..."

"Ba likita na tambaya ba, ke na tambaya."

"Eh, Hajiya. Amma kaɗan ne, kuma ina aikina lafiya."

"Kaɗan! Haka jikokina za su riƙa tafiya suna gaida ƙasa?" Ta juya wajen ɗanta. "Kai, ka san da wannan ka kawo mini ita?"

Na kafe shi da ido. Kalma ɗaya nake jira.

Ya shafa gemu, ya dubi silin.

"Wallahi Hajiya... ban lura ba. Kullum da takalmi nake ganinta."

Ban san yadda na fita ba. A bakin ƙofar gida ya cim mini, yana waige-waige.

"Rabin raina, ki tsaya ki fahimce ni! Hawan jininta..."

"Kai ka riƙe mini takalmina lokacin da likita ke aunawa, Malam."

"Na sani! Ki ba ni lokaci, zan lallashe ta."

"To mu je ka faɗa mata yanzu. Ga ni, ga ka."

Daga ciki yayarsa ta ƙwala masa kira, ya ce, "Na'am!" ya juya har yana haɗawa da gudu.

Ina cikin motar haya saƙonsa ya shigo: "Hajiya ta ce a bar maganar. Ki yafe mini. Allah ya ba ki wanda ya fi ni."

Na tarar da Innata a tsakar gida, ta baza kayan auren da take tarawa a kan tabarma, tana ninke zannuwan gado tana 'yar waƙa. Tana ganina ta washe baki.

"A'a, amarya! Zo zauna, miƙo ƙafar in matsa miki, na san ta sha tsayuwa. To, ya kuka yi? Sun karɓe ki?"

Na zauna, na ɗora dunduniyata a cinyarta.

"Sun kalle ni sosai, Inna."

"Ai dole! Wa zai ga 'yata bai kalla ba?"

Na cusa fuskata cikin sabon zanin gadon don kar ta ji kukana. Ita kuwa ta ci gaba da matsawa, ta ɗora waƙarta daga inda ta tsaya.