Wa Zai Ɗebo wa Inna Ruwa?

Zaliha ta faɗo gida da gudu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Inna! Na ci! Mushe, malaminmu, ya ce an ɗauke ni kwalej, can birnin Madawa!"

Mahaifiyarta Mairamu ta rangaɗa guɗa, amma guɗar ba ta kai ƙarshe ba. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna Abijan, gwiwoyinta sun kumbura, rijiyar ƙauyen kuwa tana can gindin dutse. Zaliha ce ƙafarta.

"Allah shi yi albarka, ɗiyata. Amma in kin tahi, wa za shi ɗebo mani ruwa?"

Da la'asar Rabo, saurayin da aka yi wa baiko da Zaliha tun bara, ya zo zance ya tarar da idanunta jawur.

"Ba ni zuwa, Rabo. Ba ni barin Inna da ƙishirwa."

"Haba! Ina da jaki, ina da hannuwa. Tahi abinki. Ranar da randar Inna tab bushe, ki ce ban cika ɗa ba."

Haka Zaliha ta tafi, ta sauka gidan kawunta a Madawa. Rabo kuwa kullum da safe sai ya kora jakinsa ya bi sahun mata. Namiji a rijiyar mata! Ai gari ya samu abin yi. "Sannu da aiki, uwargida! A ara maka zane?" 'Yan mata har waƙa suka yi masa. Shi dai sai ya sauke ruwan a ƙofar Mairamu ya yi ta kansa, don kunyar suruka.

Da waƙar ta kai kunnen mahaifiyarsa, Goggo Altine, sai da ta yar da muciya.

"Kai wanga yaro! Don ka zama abin waƙa na haihe ka? Tana can tana karatun Nasara, kai kana nan kana bauta! In ka koma taka rijiyag ga, ban yahe maka ba!"

"Inna, alkawali na ɗauka..."

"Na gama magana!"

Bakin uwa ba abin wasa ba ne. Rabo ya ɗaure jakinsa yana hawaye, tuwo ma ya daina shigar masa.

Ran kasuwa masu albasa suka kai wa Zaliha labari. Ta ƙulle kayanta, ta yi wa kawunta ban kwana, ta hau kamiyo, babbar motar kaya. Kuka ta yi ta yi a hanya, na karatun da ya kuɓuce, da na Rabo.

Tana shiga gida ta yi turus. Randa cike fal, jakin Rabo a tsakar gida, Goggo Altine na sauke masa kaya tana haki.

"Ke kuma mi kika zo yi?" in ji Goggo. "An yi bakansi, an ba ku hutu?"

"Goggo, an ce mani kin hana..."

"Shi na hana! Kin ji na hana jaki?" Ta share zufa da gefen zane. "Na tarad da uwakki bisa duwatsu tana jan gindi da ɗan gora, zuciyata tak kasa. Wancan ɗan nawa kuma ya rame kamar kara. Rantsuwata tana nan, ba shi koma taka rijiya. Ni kau in ga wadda ka yi mani waƙa!"

Mairamu tana dariya tana hawaye. Zaliha ta durƙusa ta kama ƙafar Goggo. Daga bayan danga aka ji gyaran murya, Rabo ne, kunya ta hana shi shigowa.

"Tashi, bar ɓata mani ƙahwa da hawaye," in ji Goggo. "Gobe ki koma. Amma wallahi in kika hwaɗi, ke da ni!"

Zaliha ba ta faɗi ba. Da ta gama aka ɗaura aurenta da Rabo, ta zama malama a makarantar ƙauyensu, kuma Goggo Altine ce ke bi gida-gida tana koro mata 'yan mata.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Jama'a, in kun ga yarinya ta bar karatu, ku duba aikin da ya riƙe ta a gida. Wanda ya ɗauke mata shi, shi ya karantar da ita.