Wayar Dakta Filibus

Da hantsi Obiajulu ya shiga ofishin 'yan sanda, idanunsa jajur, yana riƙe da wayar mahaifiyarsa. Ya ce ya kawo ƙarar likitan da ya kashe ta.

Insfekta Murtala ya bi shi Gyaɗi-Gyaɗi. Shagon atamfar mahaifiyar tasa, Madam Felicitas, a rufe yake, matan coci sun cika tsakar gida suna kuka ƙasa-ƙasa.

"Me ya faru?" Insfekta ya tambayi Obiajulu.

"Yallaɓai, jiya da safe ƙirjinta ya riƙe, tana ta gumi, hannun hagu ya yi mata nauyi. Na taro adaidaita, ta ƙi shiga. Wai ta tura wa Dakta Filibus saƙo, ya ce olsa ce, ta sha magani ta kwanta. Da la'asar ta faɗi. A asibiti suka ce zuciya ce, da mun zo da wuri da ta yi rai."

"Ta daɗe da saninsa?"

"Shi ya karɓi haihuwata. In ya ce ta zauna, ko gobara ake ba ta tashi."

Insfekta ya karɓi wayar, ya bi saƙonnin har can baya. A da, likitan da murya yake amsawa, kuma kusan kullum zancensa ɗaya ne: ki zo in duba ki. Daga bara muryar ta ɗauke, sai dogayen rubuce-rubuce na Turanci.

Ya wuce ƙaramin asibitin Dakta Filibus a Tarauni, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ɗan'azumi, mai kemis ɗin da ke maƙwabtaka, ya ce rabonsa da likitan tun bara.

"Matarsa ta ce ya koma duba mutane ta waya, wai haka zamani ya zo. Marasa lafiya na zuwa su nuna min sunan magani, ni kuma in ba su."

Gidan likitan yana Unguwar Gano. Matarsa Madam Asabe ce ta buɗe ƙofa, dattijuwa mai furfura, tsohuwar malamar firamare.

"Dakta ya tafi Jos," in ji ta.

Daga falo aka yi tari. Wani dogon tsoho ya fito sanye da farar rigar likita, an goge ta tsaf, maɓallanta a karkace.

"Asabe, mara lafiya ne? Shigo, yaro. Ina ke maka ciwo?"

Insfekta ya zauna, ya faɗi ko shi wane ne.

"Dakta, kai ka rubuta wa Madam Felicitas jiya?"

"Ni ne," ya faɗa da ƙarfi. "Duk mara lafiyata ni nake amsa mata. Felicitas ai cikinta ya tsufa, ta kusa haihuwa. Ka ce wa mijinta ya daina barinta tana ɗaukar kaya."

Ɗan da aka haifa daga wannan cikin shi ne ya kawo ƙara da safe.

Insfekta ya ɗauki wayar da ke kan tebur ya miƙa wa tsohon. "Buɗe min."

Tsohon ya juya ta gaba da baya, ya dangwala yatsa, ba ta buɗe ba. Ya dubi matarsa kamar yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Mama, sa naki yatsan," in ji Insfekta.

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta sa. Nan take ta buɗe. A shafin bincike na intanet, tambayar jiya tana nan: zafin ƙirji da gumi, mene ne maganinsa?

Asabe ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Mantuwa ce ta kama shi. Ranar da ya kasa gane hanyar gida na rufe asibitin. Amma saƙo bai daina shigowa ba. Kowa Dakta, Dakta. Na kasa gaya musu mutumin da ya yi musu aiki duk rayuwarsa bai san sunan 'ya'yansa ba. Sai in tambayi intanet, in kwafo abin da ta ce. Zazzaɓi, mura, ciwon baya, duk suna warkewa suna godiya. In karanta masa godiyar, ya yi murna."

"Ba ki ga inda aka ce a garzaya asibiti ba?"

"Na gani. Na ji tsoro in na ce ta tafi, za ta ce ya zo ya same ta a can. Sai na zaɓi olsar. Felicitas ƙawata ce, benci ɗaya muke zama a coci."

Insfekta ya miƙe. Bai fito da ankwa ba, sai dai ya ce ta biyo shi ofis.

Ta roƙi a kira maƙwabciyarsu. Ta nuna mata inda maganin Dakta yake, ta ce ba ya cin abinci sai an zauna kusa da shi, kuma kada a bar ƙofar waje a buɗe. Sannan ta gyara masa maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya.

Dakta Filibus ya rako su har bakin ƙofa, ya kama hannun Insfekta.

"Ba ka faɗa min ciwonka ba, yaro."

"Na ji sauƙi, Dakta."

"Madalla. Asabe, kada ki daɗe."

Ba ta juyo ba har ta shiga mota.